Ɓeran Tsibirin Bramble

Tsakanin Ostareliya da Papuwa Niu Gini akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Bramble Cay. Faɗinsa bai kai hekta biyar ba, tudunsa mafi tsawo kuwa bai ɗara mita uku a kan teku ba. A nan, a da, wani irin ɓera mai jan gashi yake zaune tun kaka da kakanni, kuma duk duniya babu shi sai nan. Abincinsa 'yar ciyawar da ke tsirowa a rairayi, maƙwabtansa tsuntsayen teku da kunkurun ruwa.

Da duniya ta fara ɗumama, kowace dabba ta nemi dabara. Mai fiffike ya tashi, na gindin dutse ya hau sama inda ke da sanyi, kifi ya bi ruwan da ya fi masa daɗi. Shi ɓeran nan ina za shi? Gabas teku, yamma teku. Ruwan gishiri ya riƙa hawowa yana ƙone ciyawa, har daga 2004 zuwa 2014 fiye da kashi casa'in cikin ɗari nata ya tafi.

Kada a ce ba a damu da shi ba. An damu ƙwarai. An je an ƙirga shi, an sake ƙirgawa, an sa sunansa cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. A 2008 har kundi aka rubuta na yadda za a cece shi, da manufofi, da matakai, da wa'adi. Kundi mai kyau, wanda ya karanta zai yaba. Ɓeran dai bai iya karatu ba.

Wani masunci ne ya yi masa ganin ƙarshe a 2009.

A 2014 masana suka yanke shawarar kwaso sauran a kiwata su a tudun mun tsira. Sai da aka yi watanni ana neman izini, don aiki ba ya tafiya sai da sa hannu. Da takardu suka kammala aka isa tsibirin, aka ɗana tarkuna, aka kafa kyamarori, aka kwana ana jira. Ko sawu ba a gani ba.

A watan Fabrairun 2019 gwamnatin tarayyar Ostareliya ta cire sunansa daga wancan jeri ta mayar cikin na waɗanda suka ƙare. Layi ɗaya ne a can ƙasan wata sanarwar minista, wadda kanunta ke albishir da ƙarin kariya ga dabbobin da ke cikin haɗari.