Zuwa ga Bawana Bakano, Mai Sirka Ruwan Salansa

Bawana Bakano, ina yi maka jajen mota. Na so in bar maganar nan ta mutu a tsakaninmu, to amma ranar Lahadi a wurin suna na ji ka da kunnena kana gaya wa jama'a wai "sanyin Hamburg ne ya kama injin". Nan na ga in ban ɗauki biro ba, tarihi zai lalace a hannun Bakano kamar yadda ya saba.

Mu faro daga ranar da ka sayo ta. Ka kira ni in zo in sa albarka, na zo, ka buɗe murfin tanki kana taƙama wai dizal ya fi fetur auki. Sai ga wani ɗan murfi shuɗi kusa da na man. Ka dube shi, ka dube ni, ka ce, "Wannan kuma bakin na cin mene ne?" A fuskarka na ga tashin hankalin mai gidan da ya yi baƙo ɗaya, da aka kawo tuwo sai ya ga baƙon ya zo da ƙaninsa.

Na yi maka bayani a lokacin, zan kuma maimaita saboda mutanen gida. Tun daga watan Satumba na 2015, duk sabuwar motar da za a yi wa rajista a Tarayyar Turai sai ta cika ƙa'idar hayaƙi da ake kira Euro 6. Ƙa'idar ta matse motocin dizal a kan wata iska mai ƙona huhu da ke fita ta salansa, ta rage abin da aka yarje musu daga miligiram 180 zuwa 80 a kowace kilomita. Shi ya sa akasarinsu suka samu tanki na biyu. Abin da ake zubawa a ciki shi ne AdBlue, Amurkawa kuma su ce DEF. Ba shi da shuɗi ko ɗigo, garau yake kamar ruwan sha, murfin ne kawai shuɗi. Kashi 32.5 cikin ɗari yuriya ce, sauran 67.5 tataccen ruwa. Ba ya shiga inji. A cikin salansa ake fesa shi, zafi ya mai da shi amoniya, amoniyar ta haɗu da hayaƙin a cikin wani ɗan'uwan abin nan da makanikan gida suke kira indomi, sai gubar ta koma tururin ruwa da irin iskar da dama ta cika sararin duniya.

Duk wannan karatu da na zuba, tambayarka ta farko ita ce, "Nawa ne?" Ta biyu kuma, "Yuriya? Ba fitsari ba ne kuwa? Ai najasa ce, bai kamata Musulmi ya ɗauka a mota ba." Ban taɓa ganin tsoron Allah ya sauko wa mutum da sauri haka ba sai ranar da aka ce zai kashe kuɗi. To ka kwantar da hankalinka, malam. Da iskar gas ake yin ta a masana'anta, babu saniya babu alade a ciki. Tun 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji ba tare da ya nemi taimakon ƙodar kowa ba.

Yanzu bari in ba ka haƙƙinka, don mu Zazzagawa ba ma cin amanar bawa. Da ka dawo daga sabis na farko kana huci da rasit a hannu, kana cewa an yanke ka a kuɗin ruwan nan, gaskiyarka ce. Ruwan iri ɗaya ne ko'ina. Sunan AdBlue mallakar ƙungiyar masu ƙera motoci ta Jamus ne, VDA, kuma ba a yarda kowa ya buga shi a jarka ba sai kayansa sun cika ma'aunin ISO 22241. In ka ga sunan da lambar, bakin jarkar a liƙe, kwanan watan bai tsufa ba, to wanda ke cikin ƙaramar kwalba mai ado da wanda ke cikin jarkar lita 10 a kantin kayan gini uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kwalbar kake saye da tsada. Mafi sauƙi ma shi ne famfon gidan mai, ka zuba daidai buƙata ka biya ka wuce, in dai ka nemi na ƙananan motoci, don na manyan motoci da ƙarfi yake turowa. Da a nan ka tsaya, wallahi da na cire hula na ce Kano ta koya wa Zariya abu ɗaya tun da aka kafa garuruwan biyu.

Amma ina! Araha ta halal ba ta yi wa Bakano daɗi, sai wadda aka rage murya kafin a faɗi farashinta.

Wata Asabar ka je kasuwar gwanjo neman tukunyar shinkafa, ka dawo da jarka shida na ruwan nan, masu lita 10. Na gan su da idona. Takardar jikinsu ta koɗe kamar tsohon kalandar shagon tela, biyu an taɓa buɗe su, bakin murfinsu ya yi farin ɓawo kamar kanwa. Na sa hanci, warin amoniya ya doke ni har sai da na yi hawaye. Na ce ina kwanan wata? Ka ce, "Ruwa ne fa, Bazazzage. Ruwa yana tsufa?" Na ce wa ya sayar maka? Ka ce wani bawan Allah ne a bayan mota, mutumin kirki, har ya yi maka gyara da mazurari.

Zo mu yi lissafi, tunda kun ce ku ne iyayen lissafi. Mota irin taka tana shan kamar lita ɗaya da rabi a kilomita 1,000. Lita 60 ke nan sai ka yi tafiyar kilomita 40,000. Kai kuwa daga gida sai wurin aiki sai masallaci, in ka yi nisa ka je Bremen cin tuwon biki. Ruwan shekara uku ka tara, alhali ko sabo ne fil, aka ajiye shi a inuwa, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ake ba shi. Zafin da ya wuce digiri 30 yana rage masa kwana, hasken rana ma haka. Kai kuma ina ka jera su? A baranda, gefen da rana take faɗuwa, suka sha bazara guda cur suna gasuwa kamar gurasar Jakara.

Da na yi magana sai ka kawo mini Koriya ta Kudu. Ban musa ba, abin ya faru. A ƙarshen 2021 Sin ta taƙaita fitar da yuriya, Koriya kuwa kusan duk wadda take amfani da ita a masana'antu daga can take sayowa. Manyan motoci suka yi layi a gidajen mai, har gwamnati ta tura jirgin saman soja Ostireliya ya ɗauko lita 27,000. A 2022 kuma tsadar gas ta sa farashin ruwan ya yi tsalle a nan Jamus. Duk gaskiya ne. Sai dai na san jinin da ke gudu a jikinka. Ba tsoron yankewa ya sa ka tara ba, jira kake ya yanke ka buɗe Dawanau a baranda. In wani ya yi a ce ɓoye kaya, in Bakano ya yi a ce tanadi.

Duk da haka da motar ta yafe maka, don tana da haƙuri. Abin da ya ƙure ta shi ne sirki.

Ranar da na shigo ba zato na same ka a kicin, ka naɗe hannun riga, ga jarka a ƙasa, ga kofin awon fulawar Hajiya a hannunka, famfo yana zuba. Kofi biyu na jarka, kofi ɗaya na famfo. Ka ɗago ka ce, "Ba kai ka ce kashi 67 ruwa ne ba? To na ƙara musu kaɗan." Hajiya tana bakin ƙofa ta riƙe haɓa, ta ce mini, "Malam, ka yi masa magana, ni na gaji." Ko masu nonon da ake zargi da sirki suna da kunya, ba sa yi a gaban baƙo.

Ai 32.5 ɗin nan ba da ka aka zaɓe shi ba. A daidai wannan haɗin ne ruwan ya fi jure sanyi, ba ya daskarewa sai an kai digiri 11 ƙasa da sifili, kuma kwamfutar motar da wannan ƙarfin take auna abin da za ta fesa. Ka tsinka shi, ya kasa cinye hayaƙin, ya kuma riƙa daskarewa da wuri. Ruwan famfo kuma, leƙa cikin butar shayinku ka ga farin dutsen da ya kama gindinta. Shi ka aika cikin nozul mai ƙofa kamar ta allura.

Har da shawarar da ka kawo daga baya, wai tunda ɗan garinku Aliko Dangote ya buɗe masana'antar taki a Lekki a 2022, mai iya fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara, me zai hana a sako maka buhu ɗaya a kwantena ka riƙa jiƙawa da kanka. A nan ne na gode wa Allah da ya yi ni a ƙasar da take da Samaru. Mu mun san taki. Yuriyar gona ana yi mata wani shafe don kada ta dunƙule a buhu, tana kuma ɗauke da 'yan tarkacen da masara ba ta damu da su ba amma salansa ba ta yafe su. Kullum kuna mana dariya wai Bazazzage ba ya bambance "ya" da "ta", yana cewa mota ya tsaya. To mun ji. Amma mun bambance abincin masara da na mota, kuma motan namu bai tsaya ba.

Taka kuwa ta yi maka gargaɗi irin na mutunci. Ta kunna fitila, ta rubuta maka cewa ruwan nan ba shi da kyau, ta fara ƙirga kilomitocin da suka rage kafin ta daina tashi. Doka ce ta sa aka gina ta haka, don kada mai hali irin naka ya yi ta yawo yana shaƙe jama'a. Me ka yi? Ka yanko baƙin salatif ka manne wurin. Da na tambaya ka ce fitilar tana ɗauke maka hankali a tuƙi.

Sai ranar Juma'ar nan ta watan Janairu. Ka yi fakin, ka kashe, muka shiga masallaci. Aka sallame, ka fito da babbar riga a kan jaket, ka ɗebi mutum uku za ka rage musu hanya don a san ka yi mota. Ka murɗa, shiru. Ka sake, shiru. Ka ɓare salatif ɗin a hankali kamar mai buɗe ƙulli, sai ga sifili yana kallonka. Abin da ba zan manta ba shi ne da ka leƙo ta taga ka ce wa bayin Allah nan, "Ku ɗan taɓa ta." Suka cire safar hannu suka yi ta turi a kan ƙanƙara, wani dattijo ɗan Agadas har hularsa ta faɗi. Wannan ba batir ba ne, Bakano, ba kuma Ƙofar Ruwa kake ba da za a kira yaro ya haɗa waya. Motar lafiyarta ƙalau, yaji ta yi, kuma ba ta san biko ba.

Janwe ya zo, ni na bi ku a baya da 'yar tsohuwar motata mai fetur da kake kira akwalar Zage-zagi. A gareji makanike ya ɗebo ruwan tankin, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan wani ɗan abin awo mai kama da guntun mabusa, ya ɗaga shi wajen fitila ya kanne ido ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sauke, ya tambaye ka cikin ladabi ko ruwan sama ya shiga tankin. Ka ce, "Mai yiwuwa." Ya kwance nozul ɗin ya ajiye a tafin hannunka, ya yi fari fat, ya toshe kamar bakin tulun da ya shekara a rijiyar kanwa. Aka zuƙe tanki, aka wanke, aka sauya nozul, aka sa kwamfuta ta lallashi motar. Da aka miƙo maka takardar kuɗi na ga leɓenka yana motsi, na ɗauka salati kake, ashe raba kuɗin kake da farashin lita. Ka juyo ka ce mini da muryar mara lafiya, "Ya sayi na famfon gidan mai na shekara ashirin."

Ko a nan ba ka saduda ba, sai da ka rage murya ka tambayi mutumin ko babu yadda za a yi a kashe na'urar gaba ɗaya, kamar yadda ka ji ana yi wa wasu manyan motoci. Ya ce maka a ƙasar nan yin haka yana soke izinin hawan motar a titi, kuma masu duba lafiyar mota suna jiran ka duk shekara 2. Ka ce ai tambaya ce kawai.

In zai rage maka zafi, ba kai kaɗai ba ne. A watan Yulin 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Volkswagen da BMW tarar Yuro miliyan 875, saboda sun haɗa baki a kan abubuwan da suka shafi wannan ruwan, har da girman tankinsa. Daimler ma yana cikin zaman, amma shi ya fara kai rahoto, ya fita ba a karɓi ko sisinsa ba. Da na karanta na ce lallai a binciki asalin mutanen nan, ba mamaki kakanninsu fatake ne da suka taso daga Kurmi suka ɓata hanya.

Saura jarka huɗu a baranda. Hajiya ta ce in gaya maka ko su ko ita kafin azumi, kuma kofin awonta sabo za ka saya, ba na gwanjo ba. Ni kuma ina bin ka kuɗin man da na ƙona ina kai ka aiki kwana tara, da kuɗin shayin dattijon nan ɗan Agadas da har yau yake dafe da ƙugu. Kada ka ce za ka biya ni da jarka, na riga na ji ka fara yi wa wani Bakatsine tallar su.

Naka, ubangidanka Bazazzage.