Miƙe Kawai, Ɗana

Yawancin baƙin Zinder iyakarsu fadar Sarkin Damagaram: a ɗauki hoto, a hau kabu-kabu. Mai ƙarfin hali ke kutsawa lungunan Birni, unguwar da Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa. Lungu zai ɗauke ka, ya zagaya ƙaton dutse, ya dire ka a zauren mutane, akuya na kallonka tana tuƙa. Tambayi dattijo hanyar unguwar Zango. Sai an gaisa tukuna, har da iyalinka da bai taɓa gani ba, sannan ya ce, "Ga ta nan, ɗana, miƙe kawai." Ba abin da ya miƙe a Birni. Faransawa sun daure har 1926, suka kwashe babban birnin mulkinsu daga Zinder zuwa Yamai. Wai ƙarancin ruwa ne.