Imel ɗin da Keke Napep ya riga isa

A wani ofis da ke Malali, kusa da Kwalejin Gwamnatin Tarayya, an tura imel zuwa Unguwar Rimi da hantsi. Har aka kira azahar bai isa ba. Aka zagi kamfanin waya, aka zagi masu wuta, wani ma ya ɗora wa hazo laifi.

Ashe sabar ofishin ce mai halin tsohon maigadi. Duk wasiƙar da ta zo sai ta tare ta a ƙofa: "'Yar gidan wa?" Lambar IP ba ta isar ta, sai ta tambayi DNS sunan mai lambar. To, DNS na farko da aka rubuta mata ya daɗe da rasuwa, ba wanda ya yi mata ta'aziyya. Kowace tambaya sai ta jira daƙiƙa 5 kafin ta waiwayi na biyu, ga wasiƙu sun yi layi a baya. Ba ta ko gaggawa, tunda Postfix, tsarin imel ɗinta, kan yi kwana 5 yana gwadawa kafin ya haƙura.

Yaron da aka kira layi ɗaya ya canza a resolv.conf, fayil ɗin da aka rubuta DNS a ciki, ya caji kuɗin wuni guda, har da na mota.

Malam, kafin ka tsine wa masu intanet, duba wa sabarka take tambaya.