Katin da ya fi buhun albasa tsada

A 2022, a Amurka, an sayar da wani ɗan kati mai hoton Mickey Mantle, ɗan wasan besbol, a kan dalar Amurka miliyan 12.6. Kamfanin Topps ne ya buga shi a 1952, tun yara na samun irinsa cikin ƙunshin cingam.

To, manoman albasa na Madawa, Buza da Keita, ga shawara kyauta ga mai son shiga wannan fatauci. Masu saye suna duba kusurwa huɗu, kada ko ɗaya ta lanƙwashe, saboda haka aljihun riga ba ma'aji ba ne. Suna duba ko hoton ya zauna daidai tsakiya. Danshi da rana abokan gaba ne, gara kuwa ba ta san darajar dala ba. Jabu ya yi yawa, sai a nemi wanda masu tantancewa suka rufe cikin roba.

Manomin albasa ya riga ya iya rabin sana'ar: a ajiye a rudu, a jira kasuwa ta tashi. Bambancin kawai, Malam, in farashi ya faɗi, kati ba ya shiga miya.