Wayar Girke Ta Mutu, Halin Kowa Ya Fito

Lokacin da salular GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, layukan wayar girke da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'a sun haura miliyan 100. Don haka gidan da ke da waya a falo, mai lambar da ke farawa da 064 a Kano, ko 062 a Kaduna, ko 069 a Zariya, gida ne da ake kwatance da shi. Waya ɗaya ce, ta NITEL, amma unguwa guda ke cin moriyarta. Ta nan labarin haihuwa ke shigowa, ta nan na rasuwa, daga nan kuma ake tura yaro da gudu ya ce wa maƙwabciya ta yafo mayafi, daga Jidda ne, an ce za a sake bugowa bayan minti goma.

Sai NITEL ya kwanta jinya. An sayar wa Transcorp a 2006, gwamnati ta karɓe abinta a 2009, ɓarayin tagulla kuwa ba su jira kowa ba, suna ta haƙe wayoyin da ke binne. Gida-gida wayar falo ta yi shiru. Ya zama dole kowane mai gida ya nemi abin da zai maye gurbinta, kuma a wajen wannan zaɓen aka gane abin da kowa ke so da waya tun asali. Ashe ba kowa ne maganar ta dame shi ba.

Ga Alhaji mai kwaɗo. Wayarsa mai juyawa ce, da ɗan ƙaramin kwaɗo maƙale a ramin lamba, makullin yana aljihun 'yar ciki tare da goro. Kira ya shigo, bismilla. Ya fita, sai da izini. Abin da bai taɓa sani ba shi ne yaransa sun daɗe da gano cewa idan ka ƙwanƙwasa maɓallin da ake ɗora kan waya a kansa, da sauri, sau uku, ka buga lamba uku ke nan, sau goma kuma sifili. Ƙarshen wata takardar kuɗi ta zo, ya tara gida ya yi ta faɗa, daga ƙarshe laifin ya koma kan aljanu. Ranar da ya je kasuwar waya ta Farm Centre neman madadi, abin da ya fara tambayar yaron shago shi ne, "Samari, ina wajen sa kwaɗo?" Da aka ce babu, ya tsallake duk ƙananan wayoyin nan ya ɗauki wayar tebur ta Starcomms, mai 'yar eriya, saboda tana da kai da igiya mai murɗewa, kuma ta fi ƙarfin aljihun yaro. Ya kulle ta a kwaba. Kafin ya tafi masallaci ya duba kuɗin da ke ciki, idan ya dawo ya sake dubawa. Da kamfanonin da ke kan fasahar CDMA irin su Starcomms da Multi-Links suka durƙushe, MTN kuma ya saye Visafone a 2016, bai karaya ba, ya nemo wata wayar tebur mai cin layi irin na kowa, ya mayar da ita kwabar.

Amma ba kuɗi ne ainihin ciwon Alhaji ba. A da shi ke fara ɗagawa. "Wa ke magana? Ɗan gidan wa? Me za ta yi maka?" Samari da yawa sun ajiye waya da jin sallamarsa kawai, wasu suka ce lamba ce ta kuskure da muryar da ba tasu ba. Yanzu kuwa sai dai ya ga baƙi da goro da alawa a zaure, an zo gaisuwa. Yarinya ta gama magana da yaro tun zamanin kiran dare na kyauta, a ƙarƙashin bargo, shi yana can yana gadin kwaba.

Maƙwabcinsa, tsohon ma'aikacin gwamnati, bai ma yarda an yi mutuwar ba. Wayar tana nan a kan teburinta, an lulluɓe ta da ɗan saƙaƙƙen ƙyalle, ana goge ta ranar Juma'a, lambar 064 kuma tana jikin takardun wasiƙarsa. Ku bar ganin ana yi masa dariya, yana da hujja. Wayar girke ba ta cin wutar gida. Wutarta daga ofishin haɗa layi take zuwa, ta cikin tagullar nan, ga kuma manyan batura a can, shi ya sa ko NEPA ta ɗauke kwana uku tana kukanta. Ba caji, ba hawa katanga neman sabis, ba "Kana ji na? Matsa waje." Duk abin da 'ya'yansa suka kawo masa, tambayarsa ɗaya ce: idan babu wuta fa? Har yau ban ji an ba shi amsar da ba ta ƙare da sayen wani abu ba. Da ya ji a 2016 cewa waɗanda suka sayi kadarorin NITEL sun buɗe ntel, sai ya sa aka goge masa babbar riga. Da aka yi masa bayani cewa layin salula ne, kuma a Legas da Abuja aka fara, ya ninke rigarsa.

Shi kuwa babban mutum, mutuwar wayar girke daɗi ta yi masa, don waya a falo ba mai ganinta sai wanda ya shigo. Ya riƙe tsohuwar salular nan mai lambar 090 tun kafin talaka ya san akwai ta. Ya sayi layi lokacin da layi kaɗai, ba waya, ake sayensa wajen naira 20,000. Bai tsaya nan ba, ya haɗa da Thuraya, mai magana da tauraron ɗan'adam kai tsaye. Aibinta shi ne ba ta son ɗaki, sai ta ga sararin sama, shi kuwa wannan aibin ya saya: sai bayan la'asar, majalisa ta cika, ya fito ƙofar gida ya zare eriya. Da Starlink ya iso Najeriya a 2023, faifansa na cikin na farkon hawa rufi a unguwar, kuma an kafa shi ta ɓangaren titi. Direbansa dai har yanzu da ihu yake kiransa daga bene.

Sai mai layi huɗu. Wannan ya ga zamanin naira 50 a minti, ko da "salamu alaikum" kawai ka ce aka yanke, kuma bai warke ba. Da Glo ya zo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa ya saya, amma bai yar da na farkon ba. Da Etisalat ya zo a 2008 ya ƙara. Wannan na kiran gida, wannan na kasuwa, wannan data ɗinsa ta fi araha da dare, wancan kuma shi kaɗai ke kamawa a ƙauyen surukai. Ya samo 'yar Caina mai cin layi da yawa, mai lasifikar da ke tayar da barcin jinjiri a gida na uku. An ba mutane damar sauya kamfani da lambarsu tun 2013, shi bai ga abin sauyawa ba tunda yana ko'ina. Sakamakon duk wannan dabara shi ne ba a samunsa. Ka kira na ɗaya a kashe, na biyu ba ya shiga, na uku wata baiwar Allah ta ɗauka a Aba, domin ya bar shi ba amfani har kamfani ya sayar wa wani. Da aka ce a haɗa layi da lambar NIN a ƙarshen 2020, shi ya fi kowa shan rana a layi, ga layukan a tafin hannu, yana ƙoƙarin tuna wanne layi ne banki ya sani. Af, kuma kana iya gane shekarun irinsu daga sunan da suke kiran kamfani ɗaya: akwai mai cewa Econet, akwai Vmobile, akwai Celtel, akwai Zain. Mai cewa Airtel yaro ne.

Mai filashin bai sha wahalar zaɓe ba, katin jama'a ya zaɓa. Shi ne dai maƙwabcin nan da a da yake shigowa jiran kira, idan ido ya kau ya buga nasa. Ƙa'idarsa ita ce wanda Allah ya fi buɗa wa shi ke kira, kuma a lissafinsa kowa ya fi shi. Idan ka yi saurin ɗauka kafin ya katse, fushi yake yi.

Akwai ɗan gidan da ya yi boko, mai maganin komai. "Baba, ai yanzu ta intanet ake yi." Ya kawo akwatin data, ya kawo wani ɗan akwati da za a jona tsohuwar wayar a jikinsa don murya ta bi ta intanet, ya kawo batir saboda akwatunan biyu ba sa aiki sai da wuta, ya kawo faifan sola saboda batirin. Dabarar ta gaskiya ce, a ƙasashe da dama can ake mayar da wayar gida yanzu. Sai dai inda a da igiya ɗaya ce, yanzu abubuwa huɗu ne, kowanne da ranar lalacewarsa. Ranar da suka haɗa baki, da rakani-kashin kakarsa yake kiran mai gyara.

Ita Hajiya Kaka, a ganina, ita ta ci wannan gasa. 'Ya'ya da jikoki sun aiko mata manyan wayoyi daga Ingila da Saudiyya, suna can ƙasan adaka cikin kwalayensu, ana jira a yi auren wata jika. Da aka matsa mata ta gwada kiran bidiyo na WhatsApp, na can ya yi minti ashirin yana gaisawa da kunnenta. Ta koma wa rakani-kashinta mai tocila, wadda caji ɗaya ke kai ta kwanaki. Ta samo tagar da sabis ya fi kamawa, ta girke ta a nan, ta sa mata faifai a ƙasa. Idan za ta fita biki ba ta ɗaukarta, kada ta ɓace. Wanda ya kira, duk yaron da ke kusa ya ɗauka ya ce ba ta nan, a bugo bayan magariba. Muryarta kuma gwargwadon nisan gari take ɗaga ta: Wudil a hankali, Legas da ƙarfi, Makka kuwa sai maƙwabta sun amsa gaisuwar tare da ita. Ba ta ajiyewa sai an gaida kowa, har da ɗan yaye da mai ciki da akuyar da ta haihu. Sauran duk sun kashe kuɗi suna neman madadin wayar gida, ita kaɗai ke da ita.

Wanda na fi tausaya wa shi ne mai mata uku. Zamanin waya ɗaya a falo ba shi da shari'a da kowa. Yanzu madadin ɗaya ya zama uku, kuma malamai sun faɗa masa adalci. Ya je kasuwa ya sayo iri ɗaya, launi ɗaya, a shago ɗaya, ya riƙe rasit ɗin don shaida, ya raba su a tsakar gida a gaban yara. Bai yi tunanin cewa soket ɗaya ne a gidan ke aiki idan an tayar da janareta ba. A wajen caji aka yi musaya, uwargida ta ɗauki ta amarya, saƙo ya shigo cewa an turo katin naira 2,000, ita kuwa na 1,000 ta gani da safe. Ya ce hannu ne ya kuskure. Ta tsakiya ta ce a duba tata ma. Maganar tana hannun kawunsa.