Mutanen Baƙin Allo

A Bacirawa, inda gonar gero kan ƙare a jikin katangar shago, kwamfutar tebur ta samu aiki uku: buga takardu, tace bidiyon biki, da ƙwallon gem da samari ke biya su buga. Biyun ƙarshe ba sa tafiya daidai sai da katin hoto, wato faifan nan mai fanka da masu gyara ke kira girafis, wanda ake sokawa cikin akwatin don ya ɗauke wa injin nauyin zana hotuna. Mutum zai yi ta tari, ya hau Adaidaita Sahu daga nan ƙasar Ungogo har titin Bairut, ya sayo kati ɗan Kwatano, ya dawo ya soka, ya danna maɓalli da bismilla. Fanka ta juya, fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. A ganina ba abin da ke tona halin mutum kamar wannan minti ɗaya, domin allon bai ambaci sunan mai laifi ba, sai kowa ya cike gurbin da wanda dama yake zargi. Kuma kusan kullum katin ake fara gurfanarwa, alhali shi ya kamata a kira a ƙarshen shari'a, bayan an saurari waya da rami da wuta.

Wanda ya fi kowa yawa shi ne mai tsohuwar ƙofa. Bayan akwatin kwamfuta akwai ramuka kashi biyu, na sama waɗanda ke jikin madabod, da na ƙasa waɗanda suka zo da sabon kati. Yawancin injuna da zarar sun ji kati a jikinsu sai su rufe na sama, hoto ya koma fita ta ƙasa. Shi kuwa bawan Allah ya mayar da wayar allo inda hannunsa ya saba tun shekara uku, ya zauna yana jira. Amarya ta tare a sabon ɗaki, ango yana ta kwaɗa sallama a ƙofar tsohon. Washegari zai naɗe katin a leda ya koma kasuwa da fushinsa: "Alhaji, tsakani da Allah mataccen kaya ka ba ni." Alhaji ba zai ce uffan ba, zai soka katin a injin gwaji, ya sa waya a ramin ƙasa, hoto ya fito tas. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya tafi a kan tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya na hannu ba.

Sai mai ɗora wa jaki kayan raƙumi, kuma a kansa ya kamata a daɗe, don shi kuskurensa na lissafi ne. Injunan da suka fi yawo a shagunanmu tsofaffin kayan ofis ne, irin su Dell OptiPlex da HP, waɗanda aka ƙera don rubuta wasiƙa, kuma siraran cikinsu fawa-fak ɗinsu, wato akwatin da ke raba wa injin wuta, bai cika wuce wat 240 da 'yan kai ba. Ramin da ake soka kati wat 75 kawai yake iya bayarwa. Katin da ya fi haka ci dole a ba shi ƙarin waya daga fawa-fak, mai baki shida da ke ƙara wat 75, ko mai baki takwas da ke ƙara 150. Wannan ne ya sa GTX 750 Ti na 2014, mai cin wat 60, da GTX 1050 Ti na 2016 suka yi farin jini, don yawancinsu abin da ramin ya ba su ya ishe su. Amma mutuminmu ya ji ana yabon RX 580, mai cin wat 185, wanda ake so a haɗa shi da fawa-fak na wat 500, ya sayo ya cusa. Ko dai injin ya ƙi tashi sam, ko ya tashi lafiya sai gem ya yi zafi, ɗan wasa ya tunkari gola, komai ya ɗauke ɗif. Nan take zai ɗaga kai ya ambaci kamfanin wuta na KEDCO, alhali ƙwan fitilar da ke saman kansa ko ƙiftawa bai yi ba. Abin mamakin shi ne mahaifinsa, da ya yi shekaru yana kai taki gona a mangala, bai taɓa jahiltar iyakar abin da jakinsa zai ɗauka ba.

Akwai kuma sarkin fomat, wanda a wurinsa ciwon kai da karaya maganinsu ɗaya. Da ya ga baƙin allo sai ya zaro filashinsa daga aljihu. Da zai tsaya ya duba lokacin da allon ke mutuwa, da ya huta. Idan ko tambarin kamfani bai fito ba, to Windows ma bai farka ba tukuna, sharar da za a yi masa zalunci ne. Idan kuwa tambari ya fito, sannan hoto ya ɓace ko ya koma manya-manyan haruffa kamar allon 'yan aji ɗaya, maganar direba ce, wato 'yar manhajar da ke koya wa injin tuƙa katin. Sabuwar mota ce aka bar wa direban tsohuwa. A shiga yanayin nan da Windows ke tashi da kayan dole kaɗai, a sallami tsohon direba, a ɗauko na Nvidia ko AMD daidai da katin. Sarkin fomat ba ya da wannan haƙurin, kuma sau da yawa sai bayan ya gama shara ake tuna cewa bidiyon ɗaurin auren wani yana ciki, ba a kwafe ba.

Mai mari da huri shi ma yana nan. Ya kai wa akwati tafi a gefe, ya zare kati ya hure shi kamar mai fifita shayi. Sai an yi masa adalci, don wani lokacin yana dacewa: ƙurar hunturu kan cika rami, kati kan ƙi zama har sai maƙallin ya ce ƙas, gwiwar hannu kan ture ram ba a sani ba. Dacen ne ma ya ɓata shi, tunda sau ɗaya mari ya yi aiki, ya zama sunna a wurinsa, har yana yi wuta na jiki.

Dattijon cikinsu shi ne mai riƙo da shuɗiyar waya. VGA, mai allura 15, tun 1987 IBM ta fito da ita, kuma har yau ita ce a bayan rabin allunan da ke shagunan nan. Daga katunan Nvidia jerin 10 na 2016 aka daina fitar da irin siginar da take ɗauka. Shi sai ya sayo ɗan mahaɗin nan mai arha, ya ɗaura a farin ramin DVI, ya ga komai ya shiga daram, ya rasa dalilin shirun. Abin da yake buƙata na'urar juyi ce daga HDMI, mai ɗan ƙwaƙwalwa a ciki. Ƙaninsa kuma shi ne wanda ya jona talabijin a HDMI ta biyu, talabijin na sauraron ta ɗaya, rimot kuwa yana ƙarƙashin tabarma. Mai zargin hassadar shagon da ke kallonsa ba sai an tsaya a kansa ba, shi dama ko fanka ce ta tsaya ya san wanda ya tsayar.

Mai karatu zai iya cewa na cika wanke kati, alhali kasuwar kayan hannu ba masallaci ba ce. Gaskiya ne. Tun watan Satumba na 2022, da kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙar da ake yi da katunan hoto, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, wasu sun gaji liƙis. Akwai kuma na jabu, tsohon GTS 450 na 2010 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti, kuma abin da ke tona shi shuɗin ramin VGA ne a bayansa, wanda na gaskiyar ba ya da shi. Katin da ya lalace yana da alamarsa, zane-zane da ɗigon launi a kan allo tun daga tambari. Amma wannan duka hujja ce a gare ni. Wanda ya san akwai mugun kaya a kasuwa shi ya fi kowa buƙatar ya je da shaida. Ɗan kasuwa yana jin "ba ya yi" sau goma kafin azahar, ya san tara daga ciki masu tsohuwar ƙofa ne. Wanda ya ce ya canja waya, ya gwada wani allon, ya soka katin a injin maƙwabci mai babban fawa-fak, kuma zanen na nan, shi ake miƙa wa kujera. Wani kuma zai ce ai wannan aikin mai gyara ne, a bar shi ya ci abinci. To a bar shi, amma shi ma abin da zai fara yi ke nan, sai dai zai juya maka baya don kada ka ga sauƙin abin.

Mafi wahalar sha'ani shi ne taron 'yan shawara, waɗanda kan cika shago da zarar an ji allo ya ƙi. Wannan ya zare ram, wancan ya sauya waya, na uku ya tayar da janareto, na huɗu yana karanto abin da ya gani a YouTube, duk a lokaci guda. Idan hoto ya zo, mutum huɗu ne suka gyara, kuma ba wanda ya san me ya lalace. Manomin da ya sauya iri da taki da lokacin shuka a damina ɗaya ba zai iya faɗin wanda ya ba shi amfani ba. A bayan taron kuwa yawanci akwai wani yaro ɗan shekara goma sha biyu da ke leƙen bayan akwati tun ɗazu, ya ce a hankali, "Yaya, wayar nan ba ƙasa za ta koma ba?" Sai a miƙa masa galan a ce ya je ya sayo fetur.