Wasiƙa daga Manchesta: na zama matuƙin jirgin da ba ya tashi



Zuwa ga taubashina, sarkin noman Gozaki na fatar baki. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Yaya Inna da ƙafar tata? Yaya Kawu? Yaya aka ji da damina? An ce mini masararka ta bana ta yi kyau, na ce to lallai taki ya yi araha ko kuma gonar maƙwabci aka nuna wa mai ba ni labari. Ni dai lafiya lau nake, in ban da sanyi da ruwan saman garin nan da ba ya shuka komai sai mura.

Albishirinka. Ka je teburin mai shayi ka sanar wa 'yan majalisa cewa ɗan'uwanka ya zama mataimakin matuƙin jirgin sama. Kada ka ƙara, kada ka rage. In sun matsa da tambaya ne kawai za ka faɗa musu cewa jirgin namu a ɗakin baya yake, kusa da banɗaki, kuma tun da aka haɗa shi bai taɓa ɗagawa daga kan kafet ba.

Mai gidan da nake haya wani dattijon Bature ne da ya yi ritaya daga tuƙin bas. Kuɗin sallamarsa, maimakon ya sayi fili ko ya ƙara aure kamar mai hankali, sai ya zuba su a ɗaki guda. Manyan alluna na talabijin a gaba a matsayin tagogi, kujeru biyu, sitiyari biyu, maɓallai a gaba da gefe har da saman kai, ga wata na'ura a ƙarƙashin kujera mai karkaɗa mutum don ya ji kamar inji na aiki. Duk wannan yana haɗe da kwamfuta mai ɗauke da manhajar Microsoft Flight Simulator. Tun 1982 ake sayar da ita, amma wadda ta fito a 2020, da wani kamfanin Faransa mai suna Asobo ya haɗa, ita ce ta kwashi hotunan tauraron ɗan'adam ta shimfiɗa duniya baki ɗaya a ciki. Da dattijon ya ji daga Nijeriya nake, kuma daga jihar Katsina, sai ya ce ya samu ɗan gari, dole in zauna a kujerar dama mu je Abuja. Na ce a raina ai kuwa wannan gari bai taɓa rabuwa da mu ba. A nan Manchesta aka kafa kamfanin BCGA a 1902, wanda ya riƙa gurzar audugar kakanninmu a Funtuwa yana turo ta masaƙun nan. Da auduga suke ɗauka, yanzu sun koma ɗaukar jikoki.

Tashi da sauka kowa na so, don nan ne ake ihu da zufa. Rigimar tana tsakiya. Daga filin Heathrow na Landan zuwa Abuja tafiyar awa 6 ce da 'yan mintoci, kilomita kusan 4,800. Da zarar jirgi ya kai ƙafa 35,000 sama, na'ura ce ke tuƙi, kai kuwa sai kallon gajimare. Akwai maɓallin da ake dannawa lokaci ya yi gudu, awa 6 ta koma ƙasa da awa guda. Da na nuna masa shi, kallon da dattijon ya yi mini sai ka ce na ce mu sha ruwa da azahar a watan azumi. Ya ce wanda ya taɓa maɓallin nan ɗan kallo ne. In jirgin gaske awa 6 zai yi, mu ma awa 6 za mu yi, a zaune, da ɗamara a ƙugu. Ɗamara fa, taubashi, a cikin ɗaki!

To me ake yi a awannin? Nan ne na ga ikon Allah. Kafin a tashi sai ya shiga wani shafi mai suna SimBrief, ya buga wata doguwar takarda irin wadda ake ba matuƙan gaske: hanya, nauyin jirgi, iskar da za a tarar, da man da ya kamata ya rage a kowane zango. Aikina ke nan. Duk zangon da muka wuce in rubuta lokaci, in duba man da ke tanki, in gwada da na takarda. Boeing 777 muke ja, wanda ke shan wajen tan 7 na mai a awa. In lissafi ya saɓa da yawa, ko dai iska ta juya mana gaba ko tanki na yoyo, kuma dole a gano wanne ne. Ni da Malam ya sha kora daga aji saboda lissafi, yau ga ni ina ƙidayar man da babu shi, da biro, hankali a tashe.

Sannan jirgi ba ya zama a tsayi ɗaya. Da farko yana da nauyi don tankunansa cike suke. In ya ƙone mai ya yi sauƙi sai a ƙara hawa ƙafa 2,000, daga 35,000 zuwa 37,000, can gaba 39,000, domin a sama iska ta fi sirantaka, mai ya fi auki. A waje kuma sanyi ya zarce digiri 50 ƙasa da sifiri, ka ga ashe akwai inda ya fi Manchesta. Ba kuma haka kawai ake hawa ba, sai an nemi izini. Wajen wa? Akwai wata ƙungiya a intanet mai suna VATSIM, tun 2001 take, inda wasu bayin Allah ke zama a gidajensu suna aikin ba jirage hannu kyauta. Wani na Faransa, wani na Sifen, kowa da na'urar magana a kunne, yana ba da umarni da murya mai kauri, ba dariya ko kaɗan. Mahaukaci ɗaya abin tausayi ne, amma waɗannan dubbai ne, har da dokoki. A cikin dokokin akwai cewa kada ka bar jirginka ba kowa fiye da minti 30. Saboda haka in zan yi salla sai na ce, "Jirgi na hannunka," ya amsa, "Jirgi na hannuna," sannan in kwance ɗamara. Alƙibla dai ba ta ba ni wahala, tana nan inda na bar ta jiya, wajen kwanar firiji.

Mun tsallake Faransa, mun ƙetare Bahar Rum, muka faɗa Aljeriya. Daga nan sai Sahara, rairayi iya ganinka. Kowane ɗan lokaci dattijon zai juyo ya ce, "In inji ɗaya ya mutu yanzu, ina za mu sauka?" In duba taswira in ce Gardaya, can gaba in ce Tamanrasset, daga baya Agadas, sannan Kano. Ba tambayar banza ba ce, don ya saita kwamfutar ta lalata wani abu duk lokacin da ta ga dama ba tare da sanarwa ba. Wato da kuɗinsa ya sayi fargaba. A sararin hamada masu ba da hannun nan sukan yi ƙaranci, sai ya koma yin abin da matuƙan gaske ke yi a wasu sassan Afirka, inda kowane jirgi ke shelar inda yake da tsayinsa a mita 126.9 don na kusa su ji. Ya yi ta shela, ba mai amsawa sai kyanwar gidan.

Yanayin ma na gaske ne. Kwamfutar na jawo rahoton iska da hadari na wannan sa'ar. In damina ce a gida, muna shigowa ƙasar Hausa za mu tarar da hadari ya yi gini, sai an kauce masa. In hunturu ne, hazo ya rufe Kano, a allonmu ma ya rufe. Har siyasa yake bi. Ka tuna da Nijar ta rufe sararin samaniyarta a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulki, jiragen Turai suka riƙa dogon zagaye? Matarsa ta ce shi ma zagayen ya riƙa yi, ya ƙi ratsa Nijar ko da wasa. Sojojin Yamai ba su san suna da mai biyayya irin wannan a Ingila ba.

Ita matar, Allah ya ba ta lada, ita ce ma'aikaciyar jirgi. Muna tsakiyar hamada za ta ƙwanƙwasa ƙofa ta shigo da faranti biyu, abinci iri daban-daban, don kamfanonin jirage da yawa ba sa barin matuƙa biyu su ci abu ɗaya, kada ciki ya murɗa musu tare. Shi ya samu kaza, ni aka ba ni dafaffen dankali da wake mai zaƙi. Na ce wannan doka dai an yi ta ne don a cuci mataimaki. Bayan an ci sai ya ba ni izinin gyangyaɗi na minti 40, wai haka ake yi, kuma da agogo.

In ka tambaye ni, rabin abin nan wauta ce, rabi kuwa dattijon ya fi mu gaskiya. Mu da muke ganin jirgin alhazai ya tashi daga Katsina mun ɗauka matuƙi na can yana kokawa da sitiyari har Jidda. Ashe yawancin aikin irin gadin gonar dawa ne lokacin jan-baki: ka wuni a zaune ba abin da ya faru, amma ranar da ka runtsa ranar za a yi maka sakiyar da ba ruwa. Shi wannan zaman ne dattijon yake saye, kuma shi ne masu danna maɓallin sauri ke gudu.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ka. Hanyarmu ta ratso ta sararin Katsina ta nufo Funtuwa. Na roƙe shi mu ɗan sauko in ga gida, ya ce jirgin fasinja ba ya sauka ƙasa-ƙasa don mataimaki ya gaida Innarsa. Sai da muka dire Abuja, ya yi wa fasinjojin da babu su jawabin godiya, sannan ya tausaya mini. Muka ɗauki ƙaramin jirgi Cessna daga filin Zariya, inda kwalejin koyon tuƙin jirgi take tun 1964, muka bi titi ta Giwa zuwa Funtuwa, muka karya ta Bakori zuwa Malumfashi, muka juya Ƙafur, sai ga Gozaki. Gonaki na nan, hanyoyi na nan. Amma da yake kwamfutar daga sama take ganin rufin gida ta ƙago sauran da kanta, sai ta share rumbuna, ta cike ramukan titi, ta gyara gari tsaf. A daidai inda gidanka yake kuwa, wani gini na gani mai tagogin gilashi reras.

Ashe haka ka yi kuɗi kake ɓoyewa, kana aiko mini da saƙon a taimaka da na taki? Na nuna wa Bature, ya ce lallai ɗan'uwana babban mutum ne. Ban ƙaryata shi ba.

Don haka ka shirya kuɗin sharata, na bara da na bana, kada Cika-ciki ta zo ka ce ba ka ji ba. In an samu mai tahowa a haɗo mini da kuka da daddawa da yajin Inna, don sati mai zuwa dattijon ya ce Singafo za mu tashi zuwa New York, awa 18 da wani abu, kuma ba zan iya ta da dankali ba. Ka gaida Gwaggo, ka gaida Liman, ka gaida duk wanda ya tambaye ni.

Wassalam.

Naka, taubashinka kuma ubangidanka,
daga kujerar dama.